Takardar da Ta Yi Wata Bakwai a Cikin Ƙamus

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Birnin Kudu a shekarun farko na Jihar Jigawa ya san Malam Ishiyaku, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan siriri da ke zama a gindin darbejiya kusa da mai shayi, da tabarau mai ƙafa ɗaya an ɗaure ɗaya gefen da zare, da gafaka a hammata. Baƙo in ya gan shi sai ya rusuna ya ce, "Allah gafarta Malam," yana zaton Alƙur'ani ne a gafakar. Ƙamus ne na Turanci. Malaman unguwarmu sun yi masa magana a kan haka har bakinsu ya gaji. Ya ce musu akuyar da aka jeme fatarta ba ta bar wasiyyar littafin da za a sa a ciki ba.

Mijin yayata ne Kaltume, wadda nake bi. Saboda haka tun ina saurayi nake da izinin tsokanarsa, kuma ban taɓa barin izinin ya yi tsatsa ba. Ni direba ne, daga Birnin Kudu in yi Gwaram, in zarce Basirka, in juyo. Duk sawun da na yi sai na bi ta gabansa na danna masa hon na ce, "Malam Ƙamus, yau wace kalma aka tono daga kabari?" Shi kuma ya ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda ya ce, "Badaru, je ka kula da birkinka." Shekara da shekaru abin dariya ne a wurina. Daga baya abin ya daina ba ni dariya, har yau.

A Kwandiko aka haife shi, ta ƙasar Gwaram, gidan manoma. Ya gama firamare, ya shiga kwalejin horon malamai, ya fito bayan shekara biyu ba takardar shaida. A faɗarsa, gyara ya yi wa shugaban makarantar a Turanci a gaban ɗalibai, shi ne aka ƙulla masa sharri. A faɗar waɗanda suka zauna aji ɗaya da shi, lissafi ne ya kayar da shi sau biyu, ƙasa warwas. Ka zaɓi wadda ta yi maka. Daga nan ya samu aikin masinja a wata kotu, kuma a can ne wani tsohon akawu na zamanin En'e, da zai yi ritaya, ya rasa yadda zai yi da wani ƙaton littafi mai nauyin bulo, sai ya miƙa masa. Da keke ya ba shi da ya fi yi mana alheri dukkanmu.

Mutane suna buɗe ƙamus ne in sun yi tuntuɓe da kalma. Shi Malam Ishiyaku daga shafin farko ya fara, kamar mai jan baƙi. Ya dawo Birnin Kudu, ya auri Kaltume, ya koyar a firamare har aka sallame shi, duk yana nan yana haddar kalmomi. Ya raba Turanci kashi uku, kuma yana da wani littafin rubutu mai shuɗin bango da ya ja wa kowane shafi layi uku. Layin farko na Turancin kasuwa ne: zo, tafi, zauna, wanda ya ce ko akuyar bariki ta iya shi. Layi na biyu na Turancin kakannin Bature ne, kalmomin da su kansu Turawan suka binne tun kafin a haifi kakana. Wannan layin shi ne abin ƙaunarsa, ya cika ya tumbatsa har yana hawa gefen takarda. In zai ce tsakani, ba zai faɗi wadda 'yan aji uku suka sani ba, sai ya ce betwixt. In zai ce ina roƙo, sai beseech. In zai nuna maka masallacin can gaba, yonder. Layi na uku kuwa na Turancin masu sana'a ne, na likitoci da makanikai da malaman gona, kuma kusan fari fat yake, don ya raina shi. Ya ce wannan ba Turanci ba ne, sunayen ƙusoshi ne da cututtuka.

Da aka yanke mu daga Kano a 1991, kakarsa ta yanke saƙa a wajen suna. Takardu suka yi ta zubowa daga Dutse kamar ruwan Agusta: an canja wa wane wurin aiki, ana neman wane ya zo a tantance shi, a cike wannan, a mayar da wancan. Duk da Turanci. Mutanen Kangire da na ƙauyukan Gwaram suka dinga sauka a motata da takarda a aljihu suna tambayar ina mai gafaka. Ni da bakina na sha nuna musu shi. Allah ya yafe min.

Kuma ba ya karanta maka takarda kai tsaye. Sai ka zauna. Sai ya wanke hannu. Sai ya zare ƙamus daga gafaka a hankali, ya ɗan juya maka kafaɗa, ya buɗe shi daf da ƙirjinsa yadda ba ka ganin cikinsa. Ba mahaluƙin da ya taɓa riƙe littafin nan, har da Kaltume; in za ta share ɗaki shi yake ɗauke shi da kansa. Sannan ya tsinci kalma ɗaya a takardarka ya yi maka huɗuba a kanta: inda ta fito, da yadda Turawan farko suke faɗinta, da yadda 'yan bokon yanzu suka lalata ta. Kai kuwa abin da ya dame ka kawai ka san Litinin ake nemanka ko Talata.

Akwai wani manomi na Kangire da ya zo a rubuta masa takardar neman taki a madadin ƙungiyarsu. Malam ya zauna ya zuba masa shafi huɗu na Turancin kabari. Wanda ya kai takardar ya ce sai da ta zaga tebur shida, kowa ya karanta ya miƙa wa na gaba, har aka samu wanda ya ce watakila addu'a ce ta wani coci. Taki dai ya zo bayan an yi girbi. Da manomin ya dawo yana ƙorafi, Malam ya ce laifin gwamnati ne da ta ɗebi jahilai ta zuba a ofis.

To a nan bakin tashar akwai Abdulnasir, ɗan unguwarmu, magidanci mai sanyin hali. Ya yi makarantar aikin lafiya, ya yi shekaru a asibiti, sannan ya buɗe kemis. Taku arba'in ne tsakanin shagonsa da bencin Malam, na taɓa ƙirgawa. Sannu a hankali masu takardar asibiti suka gano cewa in suka kai wa Abdulnasir, magana biyu yake yi musu su tashi: ga abin da ke damunka, ga inda za ka. Wannan abu ya tsaya wa Malam a rai.

Wata ranar bayan la'asar, majalisar mai shayi ta cika, ni ma ina jiran lodi, sai ga Abdulnasir zai wuce. Malam ya ƙwala masa kira.

"Abdulnasir! Zo nan. An ce kai ne likitan tasha yanzu ko?"

"A'a Baba, ni magani kawai nake sayarwa."

"Madalla. To gaya wa jama'a, mene ne apothecary?"

Abdulnasir ya ɗan yi tunani ya ce, "Gaskiya ban sani ba, Baba."

Malam ya miƙe tsaye, ya tafa hannu. "Kun ji ko? Ku zama shaida! Sunan sana'arsa ke nan a bakin Turawan farko, mai haɗa magani ya sayar. Mutum bai san sunan kansa ba, shi ne kuke kwasar takardunku kuna kai masa. Ni dai a wurina, duk wanda ya buɗe baki a gaban jama'a ya ce ban sani ba, to ya rufe shago ya koma kiwon awaki."

Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, har da buga benci, ba zan ɓoye ba. Mai shayi ya riƙa kiransa Abotikari har wata guda. Shi kuwa Abdulnasir cewa kawai ya yi, "Na gode Baba, yau na ƙaru," ya koma shagonsa. Ba wanda ya lura a cikinmu cewa Malam ya yi wa kansa katanga ne a ranar, ya toshe hanyar taku arba'in ɗin nan da bakinsa.

Yaya Kaltume ɗinkin hula take yi. Tun tana budurwa hannunta ya yi suna. Hular da ta zana sai ka juya cikinta ka rasa inda ta ɗaure zare. 'Yan kasuwar Kano suna aiko mata har gida. Wajen shekara biyar da samun jiha ta fara kukan ciwon kai, da cewa in ta kalli fitila sai ta ga wani zobe ya kewaye ta, kuma allura tana yi mata gardama. Ana haka sai aka yi shela cewa likitocin ido sun zo wani asibiti a garin, za su yi mako guda suna duba mutane. Malam ya sa farar rigarsa, ya rataya gafaka, ya kai ta.

Abin da ya faru a ɗakin likitan, daga bakin Yaya na ji daga baya. Likitan ɗan kudu ne, ba ya jin Hausa, don haka aka ajiye masa wata nas tana yi wa marasa lafiya tafinta. Da ya gama haska idon Yaya, ya yi 'yan gwaje-gwajensa, sai ya juya zai yi wa nas ɗin bayani. Nan Malam ya ɗaga mata hannu.

"'Yata, je ki taimaki waɗanda ba su yi makaranta ba. Ina nan, me za a yi da tafinta?"

Layi ya yi tsawo a waje, nas ta ga dattijo da tabarau da littafi, ta fita ta kama wani aikin. Likita ya fara magana da sauri, irin Turancin da ba ya jiran kowa. Malam ya mayar masa da na kakannin Bature. Yaya ta ce ita dai ta ga likitan yana ta cewa a maimaita, Malam kuma yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Daga ƙarshe likitan ya rubuta takarda, ya ja layi biyu a ƙarƙashin wani wuri, ya nuna wa Malam da biro, ya ba su 'yar kwalbar maganin ɗigawa. Malam ya gyaɗa kai ya ninke takarda.

A hanya ta ce, "Malam, me ya ce?"

"Sai mun je gida na duba."

A gida ya shige ɗaki ya turo ƙofa tun daga azahar har aka kira la'asar. Da ya fito ya ce, "Gajiyar ido ce. Ki rage ɗinki, ki riƙa ɗiga wannan. In ya ƙare ki koma kwallinki."

Maganin ya ƙare a mako uku. Ta koma kwalli.

Ni kuma in na leƙo gidan na ce, "Yaya, ya idon?" sai ta ce da sauƙi. Yayata ko ƙafarta aka cire za ta ce maka da sauƙi. Na taɓa tambayar Malam a tasha me likita ya rubuta, ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Ko na gaya maka, a wane aljihun za ka sa? An ce gajiya ce." Na yi dariya na ja motata. Mutumin da ya haddace littafi mai nauyin bulo, wa zai yi zaton takarda mai layi biyar za ta gagare shi?

Wata bakwai cur aka yi a haka.

Ranar da abin ya fito fili, mangwaro na kawo musu daga Gwaram da hantsi. Na yi sallama na shiga, na tarar da Yaya zaune a tabarma a tsakar gida da hula a cinya. Na zo ta hagunta na miƙa mata leda. Hannuna yana daf da kuncinta, ba ta motsa ba. Na kaɗa ledar. Sai ta juyo da kanta gaba ɗaya, kamar mai neman inda sauti ya fito. Na dubi hular, ashe ita ce dai wadda na gani a hannunta tun kafin azumi, zanen ya karkace, zare ya hau kan zare. A damtsenta ga tabon ƙuna sabo.

Na ce, "Yaya, wannan fa?"

"Tukunya ce. Ban ga bakinta ba." Sannan ta rage murya. "Badaru, kamar ta cikin bututu nake kallon duniya. Na hagun kuwa ya ɗauke, tun kafin sallah."

"Kin gaya wa Malam?"

"Ya ce gajiyar ce ba ta sake ni ba."

"Ina takardar da likita ya bayar?"

"Tana cikin littafin."

Wuri ɗaya ne a duniya da Malam Ishiyaku ba ya shiga da gafakarsa, kuma a daidai lokacin yana can, ina jin ƙarar ruwa a bokiti. Gafakar tana rataye a ƙusa a bakin ɗakinsa. Na sauke ta. Yaya ta ji motsin ta ce, "Kai Badaru, rufa min asiri." Na ce yau dai sai na ga abin da ake ɓoye mana shekara talatin.

Wari ne ya fara tarbata, irin na rigar da aka manta a jiƙe. Farkon littafin lafiya lau, har ya yi laushi don shafa. Da na zo wajen kashi ɗaya cikin uku sai yatsana ya ci karo da dunƙule. Shafuka ne masu kaurin tafin hannu sun manne sun zama abu ɗaya, baƙi ƙirin da fumfuna, tauri kamar ƙanzo. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma na san baƙaƙen, ko don lambar mota. Kafin dunƙulen ana F, bayansa an yi nisa a H. Harafin G ɗungurungum babu shi. A nan kuma, a jikin dunƙulen, takardar likita take a ninke, kuma kalmar da aka ja wa layi biyu da G ta fara.

Na ce, "Yaya, yaushe littafin nan ya zama haka?"

"Shekarar da rufin ɗakin ya yi yoyo. Tun muna Jihar Kano. Ya shanya shi a kan soro kwana uku, ya ce kada in kuskura in gaya wa kowa."

Wato duk shekarun nan, duk bawan Allahn da tsautsayi ya sa takardarsa ta ƙunshi kalma mai G, Malam juya masa kafaɗa yake yi, ya ƙura wa ƙanzo ido, ya ƙirƙiro masa ma'ana daga cikinsa. Na tuna mutanen da na ɗauko da motata na nuna musu shi.

Sai ga shi ya fito, tawul a kafaɗa, bokiti a hannu, ba tabarau. Ya ga littafin a buɗe a hannuna. Bokitin ya faɗi.

"Wa ya ba ka izini? Da wannan hannun naka na baƙin mai?"

"Malam, zo ka nuna min kalmar nan a ciki. Ga takarda, ga littafi."

"Ai wannan Turancin masu sana'a ne. Ba kowane ƙamus ne yake ɓata shafi a kan..."

"Ban tambaye ka wane layi take ba. Ka san ma'anarta ko ba ka sani ba?"

Kalmomi uku ne kacal ake nema a wurinsa, na Hausa, waɗanda ɗan yaye ma ya iya, amma suka ƙi fita.

Na ce, "Abin da likitan ya gaya maka da baki fa? Ka gane?"

"Yaron ba ya tauna magana. Haɗiye ta yake yi."

"To da ka dawo ka ga babu, me ya hana ka tambaya? Taku arba'in ne daga bencinka zuwa wurin Abdulnasir. Kullum sai ka gan shi. Wata bakwai, Malam!"

Ya gyara tawul ɗinsa, ya kalli ƙofar zaure kamar yana tsoron wani na saurare, ya ce a hankali, "Ni in je wurin wannan? Bayan abin da na faɗa a majalisa? Me mutane za su ce?"

Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Matarsa tana zaune taku uku daga inda yake, ido ɗaya ya mutu, ɗaya yana hanya, shi kuwa mai shayi yake tunawa.

Yaya ce ta yi magana. Ba ta ɗaga murya ba. Ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashinsa ta ce, "Malam, ashe ba ka sani ba?"

Ya sunkuya ya ɗauki bokiti.

Na ajiye masa littafinsa a ƙasa, na tafi da takardar. Abdulnasir yana ba wata mata maganin tari na shiga. Ya karɓa ya karanta, ya dubi kwanan watan da ke sama, ya sake dubawa.

"Yaya Badaru, wannan ta waye?"

"Ta Kaltume ce."

Ya zauna. "Inna lillahi. Glaucoma ce, hawan jinin ido. Ruwan cikin ido ne yake taruwa ya danne jijiyar gani, yana cinta daga gefe zuwa tsakiya. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Nan an rubuta a kai ta asibitin ido a Kano cikin mako biyu, kuma kada maganin ya yanke mata ko na kwana ɗaya. Ina takardar ta shiga duk wannan lokacin?"

Na gaya masa. Na zuba ido in ga ko zai yi murmushi, ko ya ce ai ga shi nan. Da ya yi da na samu abokin zagi. Bai yi ba. Cewa ya yi, "Allah sarki Inna Kaltume. Gobe da sassafe za mu tafi, zan rufe shago."

Washegari na ajiye lodi, na ɗauke su. Malam ma ya fito da farar riga da gafaka, ya shige gidan gaba kamar shi ya shirya tafiyar. Kafin in tayar da mota na ce, "Malam, in muka je ka buɗe baki da Turanci ko sau ɗaya, a dawowa a Wudil zan sauke ka, ka ƙaraso da ƙafa betwixt motoci." Ya rungume gafakarsa har Kano.

Likitar da ta duba ta Bahaushiya ce, ba a ma buƙaci tafinta ba. Ta ce na hagu ya riga ya tafi, sai haƙuri. Na dama za a yi masa aiki, a kuma ɗora ta a kan maganin ɗigawa har ƙarshen rayuwa, don a tsare ɗan abin da ya rage. Ta dubi tsohuwar takardar ta ce, "Da kun zo lokacin da aka rubuta wannan..." sai ta dubi Yaya ta bar maganar a nan. Aka yi aikin. Abin da aka ceto shi ne kamar mai leƙe ta kafar makulli: tana gane fuskarka in ka tsaya daidai gabanta, tana kai kanta banɗaki. Allura kuwa ita da ita har abada.

Na ɗauka shi ke nan Malam zai rataye gafaka ya kama carbi. Mako biyu da dawowarmu na shigo tasha daga Basirka, sai na hango shi a gindin darbejiya, mutum biyar sun kewaye shi, shuɗin littafin nan a buɗe. Na rage gudu. Ina jin sa yana cewa, "Ai cutar da ta kama iyalina ba irin ta kowa da kowa ba ce. Sunanta ma daga Girkawa Turawa suka aro shi. Ku matso ku ga yadda ake rubuta shi." Ya je wani wuri ya binciko asalinta a ɓoye, ya shigar da ita layi na uku da jan biro. Idon yayata ya zama sabuwar kalma a littafinsa. Ranar ban danna masa hon ba, kuma ban sake ba.

Kada in ci haƙƙinsa: shi yake ɗiga mata maganin safe da yamma, da hannun da ya wanke, kuma bai taɓa tsallake lokaci ba. Amma ni nake zuwa in karɓo a kemis. Har ya bar duniya bai taka taku arba'in ɗin nan ba.

Kuma mutane ba su daina zuwa ba, don ni da Abdulnasir ba mu yi tallan abin ba, saboda Yaya. In ba su same shi a tasha ba sai su biyo shi gida. Wata safiya na kawo magani, na tarar da wata dattijuwa daga Basirka a zaure, ta zo da takardar da aka ba mijinta a asibiti. Malam ya sa ta zauna. Ya wanke hannu. Ya fara zare ƙamus daga gafaka.

Sai murya ta fito daga bayan katanga. Shekara talatin Yaya Kaltume tana gidan nan, ba a taɓa jin sautinta a zaure ba.

"Baiwar Allah, takardar asibiti ce?"

Matar ta ce, "Ita ce, Hajiya."

"Tashi ki kai ta kemis ɗin bakin tasha, ki ce Abdulnasir kike nema. Yanzu. Kada ki zauna."

Malam ya ce, "Kaltume, ina magana da baƙuwa."

"Na ji, Malam. Baiwar Allah, kin tashi?"

Matar ta dubi Malam, ta dubi katanga, ta zare takardarta daga gabansa, ta laluba takalmanta. Malam ya zauna da rabin littafi a cikin gafaka, rabi a waje. Ni kuwa na ce wa matar ta jira ni, hanyata ce.

Tun daga ranar Yaya ta mayar da tabarmarta jikin ƙofar zaure. Ido ya tafi, amma kunnenta ras. Takardar canjin wurin aiki ko ta neman taki, ba ruwanta, ya yi huɗubarsa son ransa. Da ta ji an ambaci asibiti, sai muryar ta fito. A haka suka zauna shekara tara, yana ɗiga mata magani, tana kore masa masu takarda, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya ɗaga maganar ba.

Da ya rasu, Allah ya jiƙansa, ta sa aka wanke gafakar aka kai wa malamin Islamiyyar unguwa, aka sa mata abin da aka yi ta dominsa. Na tambaye ta ƙamus ɗin fa, in kai wa mai ƙosai ko in cinna masa ashana?

Ta ce, "Bar min shi. A gefen katifa nake ajiye shi, in ɗora kwalbar magani a kai. Yana da tudu, da na miƙa hannu nake samunta."